Darasi: Gardama a kan alƙalin wasan ƙwallon ƙafa

Ranar da ƙauyuka biyu suka buga balo, ba a rasa gardama da maraice. Waɗanda aka ci su kan ce alƙali ya yi son kai. Waɗanda suka ci su kan ce ya yi daidai. Wani lokaci maganar takan kai ga jifa da sanda, har zumunta ta ɓaci. Wannan darasi zai nuna aikin alƙali, da hanyar da ake bi in ya yi laifi.

Aikin alƙali

Wasan ƙwallon ƙafa shina da dokoki 17. Doka ta 5 ita ce ta alƙali. Shi ke busa usur, shi ke riƙe da agogo. Wasa minti 90 ne: 45 kafin hutu, 45 bayan hutu. Mataimaka biyu masu tuta suna gudu a bakin fili suna taimaka masa. Kati mai ruwan ɗorawa gargaɗi ne. Jan kati kora ce. An fara amfani da katunan a gasar kofin duniya ta 1970 a Meksiko.

Dokar ta ce abin da alƙali ya yanke a kan abin da ya faru cikin fili, shi ke nan. Amma alƙali mutum ne, idonsa biyu, ƴan wasa kuwa 22. Kuskure daban, ha'inci daban.

Misali na farko: waɗanda suka kai ƙara

A watan Nuwamba na 2016, Afirka ta Kudu ta kara da Senegal a garin Polokwane, wajen neman zuwa gasar kofin duniya. Balo ya bugi gwiwar Kalidou Koulibaly, ɗan wasan Senegal. Alƙalin, Joseph Lamptey, mutumin Gana, ya ce hannu ne, ya ba da fanareti. Senegal ta sha kashi da ci 2 da 1.

Shugabannin ƙwallo na Senegal suka rubuta takarda suka kai ƙara. Hukumar ƙwallo ta duniya, wato FIFA, ta duba hoton wasan, ta yi bincike. A 2017 ta same shi da laifin karkatar da wasa da gangan, ta hana shi alƙalanci har ƙarshen ransa. Aka sake wasan a watan Nuwamba na 2017. Senegal ta ci 2 da 0, ta tafi gasar 2018 a Rasha.

Misali na biyu: waɗanda suka yi jifa

Ranar 9 ga watan Mayu na 2001, a birnin Akara na Gana, ƙungiyar Hearts of Oak ta kara da Asante Kotoko ta Kumasi. Dab da tashi, Hearts ta wuce gaba da ci 2 da 1. Magoya bayan Kotoko suka yi fushi da alƙali, suka yi ta jefa kujeru da kwalabe cikin fili. Ƴan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Jama'a suka ruga bakin ƙofa, suka tarar da ita rufe, aka tattake juna. Fiye da mutum 120 suka rasu. Sakamakon wasan kuwa bai sake ba.

Abin da ya kamata a yi a ƙauye

1. A ɗauko alƙali daga ƙauye na uku, wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi.
2. A karanta dokoki gaban kowa kafin a fara. Nan ne masu karatun yaƙi da jahilci za su yi amfani.
3. Kyaftin shi kaɗai ya yi magana da alƙali, cikin ladabi.
4. Ƴan kallo su tsaya bayan layi.
5. In akwai ƙara, a rubuta ta bayan wasa, a kai wa waɗanda suka shirya gasar.

Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin a zagi alƙali, a ƙirga ƙwallon da ƴan gida suka ɓarar.

Tambayoyi

1. Dokoki nawa ne a wasan ƙwallon ƙafa?
2. Ta wace hanya Senegal ta samu haƙƙinta?
3. Me fushi ya jawo a Akara?