Darasi: Yadda Mai Wayarin Zai Zaɓi Osiloskof

Akwai irin motar da ke sa mai wayarin ciwon kai. Da safe ta tashi lafiya ƙalau. Bayan tafiyar rabin awa, inji ya ɗau zafi, sai ta mutu a tsakiyar titi. Idan ta huce ta sake tashi, kamar ba abin da ya faru. A sa mata kwamfuta, kwamfuta ta ce matsalar tana wajen sensar karanshaf. A canja sensa, cuta tana nan. A canja kwayil, a canja famfon mai, mai mota yana ta zuba kuɗi.

Kwamfutar ba ƙarya ta yi ba. Abin da ƙwaƙwalwar mota ta gaya mata shi ta faɗa, wato saƙon sensa bai iso daidai ba. Amma ba ta san ko sensar ce ta lalace, ko waya ce ta goge a jikin inji, ko soket ne ya yi tsatsa ba. Mita ma ba za ta taimaka sosai ba, domin lambarta sau kaɗan take canjawa a daƙiƙa guda. Wutar da ta yanke ta dawo kafin ƙiftawar ido, mita ba ta ganinta.

A nan ne ake buƙatar osiloskof. Na'ura ce mai allo da ke zana wuta kamar layi. Daga hagu zuwa dama lokaci ne, daga ƙasa zuwa sama ƙarfin wuta ne, wato bolt. Mita za ta ce maka ana kiɗa. Osiloskof kuwa zai nuna maka kowane bugun kalangu, har da wanda makaɗi ya tsallake.

Abu na farko da mai sayarwa zai nuna maka shi ne babbar lambar da ke jikin kwali: megahaz 100 ko 200. Lambar tana nufin saurin wutar da na'urar ke iya bi. Kada ta ruɗe ka, domin yawancin saƙonnin mota ba su da irin wannan saurin. Mu yi lissafi tare. A motoci da yawa, farantin da sensar karanshaf ke karantawa yana da gurbin haƙora 60, an cire biyu don su zama alama. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, juyi 50 ke nan a daƙiƙa. Ka ninka 50 sau 60, ka sami bugu 3,000 a daƙiƙa. Megahaz ɗaya kuwa miliyan guda ne a daƙiƙa. Ka ga tazarar.

Saƙon da ya fi sauri a yawancin motocin da ke zuwa garejinmu shi ne na layin CAN, wayoyi biyu a murɗe da ƙwaƙwalen mota ke magana da juna ta cikinsu. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da tsarin a 1986, kuma daga 2008 Amurka ta wajabta shi a soket ɗin gwaji na ƙananan motoci. Yakan aika ɗigon saƙo 500,000 a daƙiƙa. Na'ura mai megahaz 20 ta ishe shi. PicoScope 4425A, wanda ake yi a Ingila musamman don aikin mota, megahaz 20 gare shi, kuma manyan gareji suna dogara da shi.

Abin da ya fi cancanta ka tsaya a kansa shi ne yawan layuka, wato wayoyi nawa na'urar ke iya kallo a lokaci guda. Mai layi ɗaya na koyo ne. Mafi yawan cututtukan mota sai an jera abu biyu ake gane su. Ɗauki taimin. Karanshaf yana juyi biyu, kamshaf ya yi ɗaya. Ka sa layi ɗaya a sensar wannan, ɗaya a sensar wancan, ka kwatanta da zanen lafiyayyar mota irinta. Idan sarƙar taimin ta tsallake haƙori, za ka gani ba tare da ka kwance gaban inji ba. Haka layin CAN: a soket ɗin gwaji da ke ƙarƙashin sitiyari, fil na 6 yana hawa daga bolt 2.5 zuwa 3.5, fil na 14 yana sauka daga 2.5 zuwa 1.5. Sai ka gan su tare za ka san ko suna tafiya daidai. Layi biyu shi ne mafi ƙaranci. A ganina, wanda ya ɗauki wannan sana'a da gaske ya daure ya tara kuɗin mai layi huɗu, don ya ga karanshaf da kamshaf da kwayil da nozul a allo ɗaya lokacin da mota ta mutu, ya san wanne ya fara ɗaukewa.

Yawan layi kaɗai ma bai isa ba. Hantek 1008C yana da layi takwas kuma yana da sauƙin kuɗi, amma awo miliyan 2.4 kawai yake ɗauka a daƙiƙa. Zai yi maka aikin sensa da nozul, ba zai fito da zanen CAN da kyau ba. Ka tambayi yawan awon da na'ura ke ɗauka idan an kunna dukkan layukanta, domin a na'urori da yawa raba shi ake yi tsakaninsu. Ka tambayi girman ma'ajiyarta kuma. Motar da ke mutuwa jefi-jefi ba ta sanar da lokaci. Kana buƙatar na'urar da za ta naɗi dogon zane, bayan mota ta tsaya ka koma baya ka faɗaɗa wurin.

Sai maganar kayan haɗi, waɗanda mutane ke mantawa har sai kuɗi ya ƙare. Batirin mota bolt 12 ne, na babbar mota 24, amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Duk lokacin da kwayil ya saki wuta, wayarsa ta shiga tana iya harbawa zuwa bolt 300 ko 400. Wannan zai iya ƙona bakin na'urarka. Maganinsa ɗan ƙaramin abu ne da ake ɗaurawa a gaban layi, mai raba wuta gida 20, ya mai da bolt 400 ya koma 20. Wayar fulogi kuwa tana ɗauke da dubban bolt. Ba a taɓa haɗa ta kai tsaye, akwai maƙalarta ta musamman da ke kama bayan roba.

Ka nemi kilam, wato awartakin awon amfiya, guda biyu in da hali. Ƙarami, mai kai wa amfiya 60, na famfon mai ne da nozul da kwayil. Babba, mai kai wa 600, na wayar batir ne. Da babban ake wani gwaji mai daɗi. Ka hana mota mai, ka maƙala shi a wayar batir, a yi kik na 'yan daƙiƙu. Duk silindar da ta zo matsa iska, kik zai ja wuta da ƙarfi, ka ga tudu a allo. Idan tudu ɗaya ya gaza 'yan'uwansa tsawo, wannan silindar tana zubar da iska. Ba ka kwance fulogi ko ɗaya ba. Haka kuma ka sayi siraran allurai da ake zurawa ta bayan soket, don kada ka huda waya. Huda robar waya yana buɗe wa ruwa hanya, da damina tsatsa ta shiga, ka haifar da sabuwar cuta.

Ka duba garejinka kafin ka zaɓi siffar na'ura. Na kan tebur, irin na masu gyaran rediyo, yana son wutar gida da wuri mai tsabta, ba kuma za ka iya shiga mota da shi a yi tafiyar gwaji ba. Wanda ake jonawa da kwamfutar cinya yana da babban allo da wurin ajiye zane, sai dai ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga wa kwamfuta. Idan da shi kake aiki, ka cire caja lokacin awo, musamman in janareta ce, don tana iya sa wa zane datti. Na hannu mai batirinsa, irin na Micsig, ya fi dacewa da wanda ke aiki a fili ko ake kiransa bakin hanya. Ka fita da shi rana ka ga ko allon yana karantuwa kafin ka biya.

Sai maganar kiyaye haɗari. A yawancin na'urori, baƙaƙen wayoyin dukkan layuka a haɗe suke a ciki. Ka maƙala su a jikin inji ko a kan batir mai alamar ragi. Idan ɗaya ta hau waya mai wuta, za ka iya ƙona na'ura da ƙwaƙwalwar mota gaba ɗaya. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, suna da wayoyi masu ruwan lemo. Batirin da ke bayansu yana kai wa bolt 200 ko fiye, yana kuma kisa. Kada ka kai osiloskof ko hannunka wurinsu sai ka sami horo da kayan aikinsu na musamman.

Ranar da na'urarka ta iso, kada ka fara da mota marar lafiya. Nemi Corolla ko Golf da ke aiki daidai, ka auna karanshaf da kamshaf ɗinta, da nozul, da cajin alteneta, wanda ya kamata ya tsaya wajen bolt 14 idan inji na aiki. Ka ajiye kowane zane, ka rubuta samfurin mota da shekararta da lambar injinta a jiki.