Tarar Ciyawa da Tsofaffin da Ƙarfinsu Ya Ƙare

Darasinmu na wannan karo zai kai mu ƙasa mai nisa, a kan wani abu da ba mu saba ba shi nauyi ba, watau ciyawar ƙofar gida. Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa ciyawa da darasin Ikilisiya? Sai mu yi haƙuri mu bi labarin tukuna, gama a cikinsa akwai wata tsohuwar tambaya wadda malaman Ikilisiya suka daɗe suna juyawa: ina ne iyakar doka, sa'ad da wanda dokar ta faɗa wa ba shi da ƙarfin cika ta?

A garuruwa da yawa na ƙasar Amurka, hukumar gari takan ƙayyade tsawon da ciyawar gaban gida za ta kai. In ta wuce wannan, ma'aikacin hukuma yakan zo ya duba, ya rubuta takardar gargaɗi, in ba a yanke ba sai tara ta biyo baya. A wasu wurare ba sau ɗaya ake cin tarar ba, kowace rana ta Allah ana ƙara ta, har ranar da aka yanke ciyawar. In mai gida ya kasa biya, ana ɗora bashin a kan gidan kansa, har ma a nemi sayar da shi. A jihar Florida doka ta yarda a ci har dala 250 kowace rana a laifin farko, da dala 500 kowace rana ga wanda ya taɓa yin laifin a baya.

A wannan jiha, a wani gari da ake kira Dunedin, aka yi wani al'amari a shekara ta 2018. Wani dattijo da ya doshi shekara saba'in ya tafi jihar Karolina ta Kudu domin ya daidaita sha'anin gādon mahaifiyarsa da ta rasu. Kafin ya tafi ya bar wa wani mutum aikin yankan ciyawar gidansa. Ana nan sai mutumin nan ya rasu ba zato, ciyawa kuwa ta yi ta tsiro har ta wuce inci 10 da dokar garin ta yarda. Da yake an taɓa kama dattijon da irin wannan laifi a baya, sai aka shiga lissafa masa dala 500 kowace rana, kusan wata biyu, har kuɗin ya tasam ma dala 30,000. Da ya kasa biya, hukumar garin ta ɗauki shawarar neman ƙwace gidan. Ya kai ƙara a 2019, kotun tarayya ta ba hukuma gaskiya a 2021, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da haka a 2022. Daga baya aka sasanta a kan dala 10,000.

Kada mu yi garajen yanke wa hukumar nan hukunci. Alƙalai sun duba suka ga ba ta ƙetare abin da dokar jiharta ta ba ta iko ba, kuma ba karo na fari ke nan da aka yi wa mutumin magana ba. Dokar kanta ba ta banza ba ce. Mu da muke zaune inda damina take tsirar da ciyawa cikin 'yan kwanaki, mun san abin da ke ɓuya a cikinta: maciji, kunama, da sauro mai kwana a duhuwarta da rana ya fito da dare. Ɓera ma yana son wurin da ba a share ba, shi ne kuwa mai yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. In hunturu ya zo ciyawar ta bushe, ƙyastu ɗaya na ashana ya isa ya cinye gidaje uku. Saboda haka maƙwabcin da ya yi gunaguni a kan gidan da ya zama daji, ba lalle mugu ba ne. Yana da 'ya'ya ƙanana masu wasa a gindin katanga. Waliyyi Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa doka tsari ne na hankali domin amfanin jama'a duka, wanda mai riƙon jama'a ya kafa ya kuma sanar. A kan wannan ma'auni, dokar tsabtar gida doka ce ta gaskiya, Kirista kuwa yana da hakkin kiyaye ta.

To, ina matsalar take? Tana cikin abin da tara take nufi tun asali. Ana cin mutum tara domin a tashe shi daga sakaci. Ana ɗauka cewa yana iyawa amma ya ƙi, sai a taɓa aljihunsa domin hannunsa ya motsa. Wannan magani ne ga malalaci. Amma a ce tsohuwa ce da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko dattijon da yake kwance a asibiti wata guda, ko wanda idonsa ya dushe har ba ya ganin takardar da aka liƙa masa a ƙofa, me tara za ta tashe a cikinsa? Ba sakaci ne ya hana shi ba. Tarar kowace rana kuwa tana da wani hali mai ban tsoro, gama tana girma tare da ciwon: gwargwadon tsawon jinya, gwargwadon yawan bashi. Wanda ya fi kowa rauni shi ne zai fi kowa biya. Kuɗin da ya kamata a ba mai yankan ciyawa, ko a sayi magani da shi, shi ne hukuma za ta karɓa, ciyawar kuma tana nan tsaye inda take.

Mutanen dā sun ga wannan haɗari. A Ingila, cikin babbar yarjejeniyar nan ta Magna Carta ta shekara ta 1215, an rubuta cewa a ci mutum tara gwargwadon laifinsa, kada kuma tarar ta kai ga raba shi da abin da yake rayuwa da shi. Daga wannan jijiya ne gyara na takwas na tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya hana tara mai wuce kima, a 2019 kuma Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke cewa hanin ya shafi jihohi, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba. Amma tun kafin Turawa su rubuta nasu, Shari'ar Musa ta riga ta faɗa. A cikin Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana mai bin bashi karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi iyali suke cin abinci. An kuma hana karɓar tufar gwauruwa. A cikin Fitowa sura 22, wanda ya karɓi mayafin matalauci jingina dole ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi zai rufa da dare. Mu lura, Shari'a ba ta ce a yafe bashin ba. Bashi yana nan. Abin da ta hana shi ne a bi hakki har a kai ga taɓa ran mutum. Ga tsoho kuwa, gidan da ya gina da gumin ƙuruciyarsa shi ne dutsen niƙansa, shi ne kuma mayafinsa.

Waliyyi Toma ya yi bayani a kan wata nagarta da masu nazarin tauhidi suke kira da sunanta na Helenanci, epikeya, watau sanin lokacin da bin harafin doka zai rushe manufar wanda ya kafa ta. Ya ba da misali da birnin da maƙiya suka kewaye, aka yi doka cewa ƙofofi su kasance a rufe. Doka ce mai kyau. Amma in maƙiya suka koro waɗansu daga cikin masu tsaron birnin har bakin ƙofa, mai gadi ya ƙi buɗewa domin wai doka ta hana, to ya kiyaye harafi ya kashe birnin. Mai kafa doka ba ya iya hango kowane hali, yana duban abin da ya fi faruwa ne. Wanda ya rubuta dokar ciyawa yana tunanin lafiyar unguwa. Bai zauna ya ce bari in kori gyatumai daga ɗakunansu ba. A nan sai mu yi hattara, domin mun san halinmu: epikeya ba ƙofa ba ce da kowane malalaci zai bi ya tsere. Saurayi mai ƙoshin lafiya da ya bar kwata ta toshe a ƙofarsa yana zaune yana danna waya, ba shi da rabo a cikin wannan koyarwa. Shi a ci shi tara, mu ma za mu sa hannu.

Akwai wani ɓangare na wannan al'amari da ya fi shafar mu fiye da hukuma. Sau da yawa ma'aikaci ba ya zuwa da kansa. Wani ne a unguwa ya kai ƙara. Mutum ya ga ciyawar maƙwabcinsa ta yi tsawo, ya sami lokacin rubuta koke, amma bai sami lokacin ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, “Baba, lafiya kuwa? Kwana biyu ba mu gan ka a waje ba.” Ubangijinmu ya tsauta wa malaman Attaura da Farisiyawa a cikin Matiyu sura 23 saboda suna ɗaura wa mutane kaya masu nauyi, su kuwa ko da yatsa ba sa taɓawa. Mukan karanta wannan wuri muna tunanin manya masu iko. Ashe mai koken da bai ɗauki lauje ba yana cikin lissafin.

A Amurkan ma ba a rasa waɗanda suka ɗauki laujen ba. A 2015, a wani ƙaramin gari mai suna Riesel a jihar Texas, labari ya bazu cewa an fitar da takardar kama wata dattijuwa 'yar shekara 75 a kan maganar ciyawa. Sai waɗansu yara 'yan gida ɗaya, waɗanda ba su ma san ta ba, suka zo da injinansu suka yanke mata. A wannan shekara kuma, a birnin Huntsville na jihar Alabama, wani ɗalibi mai suna Rodney Smith Jr. ya ga wani tsoho yana fama da injin yankan ciyawa, ya tsaya ya taimake shi. Daga nan ya kafa ƙungiyar da take kiran yara su yanka ciyawar gidaje 50 kyauta ga tsofaffi, da naƙasassu, da iyayen da suke renon 'ya'ya su kaɗai, da tsoffin sojoji. Duk gida 10 da yaro ya gama ana ba shi riga mai wata kala, in ya cika 50 a ba shi sabon inji. Abin da ya burge mu a nan shi ne, ba su yi gardama da dokar ba. Sun cika ta a madadin wanda ya gaza.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan doka. Dattawanmu suna tuna duba-gari, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa da salga, mutane suna ɓoye abin da za su ɓoye. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da 1985 muka san Asabar ɗin tsabtar muhalli ta ƙarshen wata, da kotun tafi-da-gidanka mai cin tara nan take. Tarar tamu ba ta kai ta Florida ba, amma ga gwauruwar da take jiran abin da ɗanta zai aiko daga Abuja ko Legas, ƙaramar tara ma abincin mako ne, ga kunyar a tsayar da ita a gaban jama'a. A dā gandu ya rufa wa tsofaffi asiri, gida cike da 'ya'ya da jikoki, ba a barin mai furfura ya riƙe tsintsiya. Yau matasa sun watse neman karatu da abinci. Mu da muke kai wa marasa lafiya Jibi Mai Tsarki muna ganin shaidar haka da ƙafafunmu: tun kafin mu yi sallama, hanyar da ciyawa ta cinye takan gaya mana kwana nawa aka yi ba wanda ya taka ta.

Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya rubuta wa tsofaffi wasiƙa ta musamman a 1999, yana tsoho shi kansa, Paparoma Fransis kuma ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli domin kakanni da tsofaffi tun daga 2021. A ƙasarmu wannan rana tana faɗowa a tsakiyar damina, daidai lokacin da ciyawa take kan ganiyarta. Muna ganin ba laifi in matasan Ikilisiya suka haɗa bikin ranar da adda da fartanya. Zumuntar Mata Katolika da 'yan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul sun fi kowa sanin gidajen da ake jinya a cikinsu. Su ba katikis sunayen, a raba wa matasa unguwa unguwa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada a tsaya tambayar ko tsohon na cocinmu ne ko na masallaci, maciji ma ba ya tambaya.

Sai dai a yi shi da ladabi. Tsoho ba ya son a nuna masa ya gaza, musamman wanda ya yi shekara hamsin yana noma da hannunsa. Kada a faɗa masa gida da hayaniya ana ɗaukar hoto. A tura mutum biyu tukuna su gaishe shi, su ce, “Baba, yaranka ne suke so su zo su motsa jiki a ƙofarka ran Asabar, ka yarda?” A bar shi ya nuna inda za a yanka da inda za a bari, domin abin da yaro yake gani ciyawa, wataƙila tafasa ce ko rama da Mama take miya da ita.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuke aikin duba-gari ko kuke zama a ofisoshin ƙananan hukumomi, ba mu ce ku karya dokar da kuka yi alkawarin kiyayewa ba, ba mu kuma ce ku karɓi na goro ku kau da kai ba. Muna roƙonku dai, kafin alƙalami ya sauka a kan takarda, ku tambaya wa ke cikin gidan, me ya same shi. In kun tarar da majinyaci, ku ba da wa'adi a inda doka ta ba ku dama, ku aika wa mai unguwa ko Fada ko katikis cewa ga gida yana bukatar hannu kafin ku sake zagayowa. In kuwa an riga an rubuta tarar, wani daga kwamitin Ikilisiya ya raka tsohon ofis da katinsa na asibiti a hannu, ya yi masa bayani a gaban mai hukunci, kada a bar shi ya tsaya shi kaɗai a kan sanda.