Yadda Ake Gano Dalilin Cijewar Hoto a Faifan VCD da Kuma Magance Shi

Faifan VCD, wanda kamfanonin Sony da Philips da Matsushita da JVC suka amince da ƙa'idojinsa a shekarar 1993, shi ne ya ɗauki finafinan Hausa bayan da kaset ɗin bidiyo ya ja baya, kuma har yau akwai finafinai da wa'azozi da hotunan biki masu yawa waɗanda kwafinsu ɗaya tilo yana kan irin wannan faifai. Babbar matsalar da mai kallo ke haɗuwa da ita ita ce cijewa, wato hoto ya tsaya cak alhali sauti yana tafiya ko yana yankewa, wani lokaci ya farfashe ya zama ƴan murabba'ai kafin ya ci gaba. Laifin yana iya kasancewa daga jikin faifan, ko daga na'urar, ko daga yadda aka matse fim ɗin tun kafin a buga shi, kuma gwanintar mai gyara tana bayyana ne wajen rarrabe waɗannan ukun kafin ya ɗauki sukundireba.

Aikin yana farawa da lura da halin cijewar. Idan kowane faifai yana cijewa, har da bugun kamfani mai tsabta, musamman bayan na'ura ta ɗauki zafi, to zargi ya koma kan na'urar. Idan faifai guda ne yake tsayawa a daidai wuri guda a duk na'urar da aka saka shi, to ciwon yana jikinsa ko a cikin bayanan da ke kansa. Idan kuwa cijewar ta fi yawa a ƙarshen fim, sai a duba bakin faifan, domin ana karanta shi ne daga tsakiya zuwa waje, kuma bakin ne ya fi shan yatsu da karce, nan ne kuma faifai mai araha ya fi nuna rauninsa.

Abin da ya shafi na'ura sananne ne ga duk wanda ya zauna a shagon gyara. Ƙurar hunturu tana rufe idon da ke karanta faifai, sai a goge shi a hankali da auduga da ɗan sifirit. Motar da ke juya faifai tana gajiya. Kafasito na ɓangaren wuta yana kumbura saboda zafi da rashin daidaiton lantarki. Tsofaffin masu gyara a Kano, waɗanda suka koyi sana'ar tun zamanin kaset, sukan kasa kunne kusa da na'ura su ji yadda ido ke kai da komo yana neman layi, su faɗi inda ciwon yake tun murfi yana rufe. Su ne kuma suke hana yaran shago saurin murɗa ƙarfin hasken ido, domin ƙarin yakan sa na'ura ta yi aiki na ɗan lokaci sannan idon ya mutu gaba ɗaya.

Shi faifai ana goge shi ne daga tsakiya zuwa baki, saboda karcen da ya bi zagayen layi yana ɓata bayanai masu yawa a jere. Sannan a ɗaga shi a gaban haske: idan haske yana ɓullowa ta ƴan ƙananan huda, to fatar da ke mayar da haske ta ɓare, wadda a CD take dab da ƙarƙashin rubutun sama, kuma wannan ba ya gyaruwa. VCD ya fi faifan kwamfuta saurin jin ciwon karce saboda dalili na fasaha: kowane yanki nasa yana ɗauke da bayit 2,324 na hoto da sauti maimakon 2,048, kuma an sami wannan ƙarin ne ta hanyar cire wani mataki na gyaran kuskure. Wannan ne ya sa fim na minti 80, mai nauyin kusan megabayit 800, yake shiga faifan da aka rubuta wa 700.

Inda aikin ke da wuya shi ne faifan da yake fes, na'ura ma lafiyarta ƙalau, fim yana tafiya sumul a kwamfuta, amma da zarar an saka shi a na'urar falo sai ya riƙa cijewa. Masu gaggawa sukan ɗora laifin a kan na'ura su sayar wa mai ita sabon ido, alhali matsalar tana cikin matsin fim ɗin. Ƙa'idar VCD ta tsayar da cewa hoto, wanda ake matsewa da tsarin MPEG-1, zai riƙa kwarara a kan kilobit 1,150 a kowace daƙiƙa ba ƙari ba ragi, sauti kuma a kan 224, kuma an zaɓi waɗannan alƙaluma ne domin su dace da saurin CD na asali, wato yanki 75 a daƙiƙa, wanda ya kama kusan kilobit 1,394 idan aka haɗa da bayanan tsari. A cikin na'ura akwai ƙaramar ma'ajiya ta jira, wadda ƙa'ida ta ƙiyasta girmanta a kilobayit 40, inda bayanai ke taruwa kafin a mayar da su hoto. Misalinta kamar randa ce da famfo ke zuba mata ruwa a kan sauri guda ana kuma ɗiba da moɗa: idan ɗiba ta fi zubi sai ta ƙafe, idan zubi ya fi ɗiba sai ta malala, kuma ko wanne ya faru hoto zai tsaya ko ya yi tsalle. Kwamfuta ba ta nuna wannan aibi saboda ma'ajiyarta tana da faɗi kuma tana karanta faifai da saurin da ta ga dama, don haka tafiyar fim a kwamfuta ba shaida ba ce cewa an matse shi bisa ƙa'ida.

Masu buga faifai suna karya wannan ƙa'ida ne don su cusa fim mai tsawo a faifai guda. Wasu sukan rage kwararar hoto zuwa kilobit 700 ko 800, wasu kuma su bar ta tana hawa da sauka gwargwadon motsin da ke cikin fim. A nan ne wurin da cijewar ta auku yake zama shaida. Idan tana zuwa ne a lokacin rawa da waƙa, ko inda kyamara ke juyawa da sauri, to kwarara ta haura abin da na'ura za ta iya kawowa, ma'ajiya ta ƙafe. Idan kuwa tana zuwa ne a wurin duhu, ko inda mutum biyu ke zaune suna magana, ko lokacin da sunaye ke wucewa a kan baƙin allo, to kwarara ta faɗi ƙasa ainun, na'urar da aka gina a kan sauri guda ta rasa yadda za ta daidaita abin da take karantawa da agogon fim. Maganin wannan na biyu shi ne ciko, wato bayanan wofi da manhaja ke cusawa yayin saƙa hoto da sauti a fayil guda domin kwarara ta cika ma'auninta. Sai dai ciko yana cinye wurin da aka yi niyyar adanawa, fim na minti 80 ya sake cika faifai, abin da ke nuna cewa duk faifan da ya ɗauki awa 2 ya fita daga ƙa'ida, kuma tafiyarsa ta dogara ga haƙurin na'urar da aka saka shi.

Gyaran da ya fi inganci shi ne a kwafo fayil ɗin fim, wanda yawanci sunansa AVSEQ01.DAT a cikin jakar MPEGAV, a duba alƙalumansa da manhajar bincike. Idan kwarara tana ƙasa da ma'auni kawai, sake saƙa hoto da sauti bisa tsarin VCD ya wadatar, kuma hakan ba ya rage kyan hoto. Idan tana haurawa, dole a sake matse fim ɗin, kuma ya fi kyau a koma ga kwafin asali in yana nan, domin matsi a kan matsi yana ƙara dusashe hoto. Manhajoji irin su TMPGEnc da ffmpeg suna da shiryayyen tsari na PAL, wanda Nijeriya ke amfani da shi: faɗin hoto 352 a 288, hoto 25 a daƙiƙa, sauti a kan kilohaz 44.1. Fim ɗin da ya wuce minti 80 sai a raba shi faifai biyu, a yanke a ƙarshen wata fitowa. Wajen bugawa a zaɓi tsarin VCD a manhaja irin su Nero, domin jefa fayil a faifai kamar sauran takardun kwamfuta ba ya samar da VCD, sannan a buga da matsakaicin sauri a faifai mai kyau, a guji manna masa takarda, wadda kan sa shi rawa idan yana juyawa.

Wanda ke son tara finafinai da yawa a wuri guda yana da hanyar da ba ta saɓa ƙa'ida ba, domin tsarin DVD ya yarda da hoton MPEG-1 mai wannan girman, kuma faifai mai gigabayit 4.7 yana ɗaukar kimanin awa 7 a kan kwararar VCD. Sharaɗin da ake yawan mantawa da shi shi ne sauti: DVD yana buƙatar kilohaz 48, kuma idan aka bar shi a 44.1 wasu na'urori za su yi shiru, wasu su riƙa cijewa, wasu kuma baki ya saɓa da magana. Bayan an sauya sautin an buga, sai a gwada faifan daga farko har ƙarshe a na'urori biyu ko uku, ciki har da mafi tsufa da ke shagon, kuma a ajiye fayil ɗin da aka gyara a kwamfuta domin bugun gaba.