Ka'idodin Kafa Gidan Marayu da Gajiyayyu a Cikin Unguwa

Tun zamanin da, maraya a ƙasar Hausa ba ya rasa gida, gama dangi su ke ɗaukarsa. Amma yau kisa da hare-haren 'yan bindiga a waɗansu sassan Jihar Sakkwato sun bar yara da tsofaffi masu yawa ba mai riƙo. Saboda haka masu neman lada su kan yi niyyar mai da gida cikin unguwa ya zama wurin tara su. Wannan darasi zai bayyana wa jama'ar Kebbe da Tambuwal ka'idodin da ke bisa irin wannan gida, da hakkin maƙwabtansa.

YADDA A KE YI A DA

A da, al'ada ita ce a ware. A Kano makafi suna da unguwarsu da Sarkin Makafi. Masu kuturta kuwa aka yi musu mazauni bayan gari, kamar Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A lokacin ba a sami magani mai ƙarfi ba. Yanzu kuturta tana warkewa, maraici da tsufa kuwa ba cuta ba ne balle a ɗauka. Yaron da ya tashi cikin mutane, yana zuwa makaranta da masallaci da kasuwa, ya fi wanda aka tsare a daji zama mutum.

WANDA KE DA IKO DA FILI

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Filin da aka ayyana na birni ne, Gwamna ke ba da takardar zama a kansa. Sauran ƙasa, watau ta karkara, Ƙaramar Hukuma ke ba da izninta. To, mai niyya a Kuchi ko Dogon Daji sai ya fara zuwa ofishin filaye na Ƙaramar Hukumarsa, ya ji ko wane iri ne filinsa.

Abin lura shi ne, fili don wani amfani a ke ba da shi. Gidan da aka yi wa takarda domin iyali, in aka zuba masa yara talatin da ma'aikata, an sāke amfaninsa ke nan, ko da ba a ɗora bulo ɗaya ba. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta lissafa babban sauyin amfani cikin ayyukan da ke bukatar izni. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari aikin jihohi ne, don haka hukumar tsara birane ta Jihar Sakkwato ita ce abin tuntuɓa. Wanda ya saɓa wa sharaɗin takardarsa, Gwamna na iya soke ta.

IZNI NA BIYU

Iznin fili dabam, iznin riƙon yara dabam. Dokar Hakkin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana a ajiye yara a gidan riƙo sai an yi masa rajista. Jihar Sakkwato ta yi tata dokar kare yara a 2021. Saboda haka wajibi ne a sanar da ma'aikatar jiha mai kula da al'amuran mata da yara tun kafin yaro na fari ya kwana.

Dalilin wannan tsanani a fili ya ke. A watan Satumba 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa. A watan da ya biyo baya aka sami irinsa a Daura. Gidajen nan cikin gari su ke, amma ƙofa a rufe, ba mai shiga ya duba.

ABIN DA YA KAMATA A DUBA

1. Ɗakuna su isa, da taga ta shan iska, maza dabam mata dabam.
2. Salga ta wadata, ta kuma nisanci rijiya kamar ƙafa 100, watau mita 30.
3. Ruwan wanka da wanki kada ya malala ƙofar maƙwabci.
4. Hanya ta isa mota ta shiga ɗaukar majiyyaci, ƙofar fita kuma ta fi ɗaya saboda gobara.
5. A ajiye littafi mai sunan kowa da garinsu da danginsa, a buɗe wa duba-gari da ma'aikacin jin daɗin jama'a duk ran da suka zo.

HAKKIN MAƘWABTA

Maƙwabci yana da ikon kai kuka in akwai cutarwa da za a iya nunawa, kamar wari, ko toshe hanya, ko ɓata rijiya. Sai ya faɗa wa mai unguwa, shi kuma ya isar wa hakimi da uban ƙasa, har magana ta kai ga hukuma. Irin wannan kuka gyara ya ke nema. Amma ƙyama ba hujja ba ce. A Amurka, hukumar garin Cleburne ta hana iznin gida ga mutum 13 masu raunin hankali, alhali ba ta neman irin wannan izni ga waɗansu gidajen taro. A 1985 Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe hanin, don ta ga ba shi da tushe sai ƙyama.

To, unguwa ba ta da ikon korar maraya don shi maraya ne, mai gida kuma ba shi da ikon rufe ƙofa don ya ce aikin lada ya ke yi. Mai niyya ya nemi izni biyun nan, ya shawarci maƙwabta tun da wuri, gama rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Wa ke ba da iznin fili a birni, wa kuma a karkara?
2. Don me gidan iyali ke bukatar sabon izni kafin ya zama gidan marayu?
3. Wane kukan maƙwabci ne abin saurare, wane ne kuma ba hujja ba?