Kwalbar Gilashi Da Minti 20: Darasi Daga Binciken Farfesa David Warrell Kan Dafin Maciji

Mun saba tattaunawa kan wayoyi da manhajoji da na'urori masu tsada. A darasinmu na yau za mu duba wata fasaha da ba ta buƙatar caji ko intanet, amma ta ceci rayukan manoma da makiyaya masu ɗimbin yawa. Kayan aikinta ƙaramar kwalbar gilashi ce da agogo. Za mu bi ta cikin tarihin aikin likitan da ya yaɗa ta a duniya, Farfesa David Warrell na Jami'ar Oxford da ke Ingila, wanda bincikensa kan maciji ya kafu a Zariya.

Wane ne David Warrell?

An haife shi a shekarar 1939, ya yi karatun likita a Oxford da Landan. A farkon shekarun 1970 ya yi aikin koyarwa da duba marasa lafiya a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A nan ya ci karo da wata matsala: mutanen da maciji ya sara a gona ko a kiwo, suna zuwa asibiti jini na fita daga dasashinsu, wasu kuma har su rasu bayan kwanaki. Mafi yawan wannan ɓarna kububuwa ce ke yin ta, macijiyar da wasu ke kira gobe-da-nisa, wadda masana suka sani da Echis ocellatus.

A 1979 ya koma Bangkok ta ƙasar Tailand, inda ya zama shugaban farko na cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da Jami'ar Oxford da Jami'ar Mahidol suka kafa tare. Daga baya ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya jagorar kula da waɗanda maciji ya sara a yankin Kudu maso Gabashin Asiya.

Me dafin kububuwa ke yi wa jini?

Kafin mu fahimci amfanin kwalbar, sai mun san yadda dafin ke aiki. A cikin jinin ɗan'adam akwai wasu sinadarai da hanta ke samarwa, waɗanda aikinsu shi ne daskarar da jini idan mutum ya ji ciwo. Dafin kububuwa yana tayar da waɗannan sinadarai gaba ɗaya ba tare da an ji ciwo ba, su yi ta aiki har su ƙare ƙaf. Idan sun ƙare, jinin ba zai iya daskarewa ba. A lokaci guda wani sashe na dafin yana lalata bangon ƙananan jijiyoyin jini. Sakamakon haka jini ya riƙa tsiyaya daga dasashi, da tsohon miki, da fitsari, wani lokaci har a cikin ciki ko ƙwaƙwalwa.

Babban haɗarin shi ne mutum na iya tafiya da ƙafarsa, yana magana lafiya lau, alhali jininsa ya riga ya daina daskarewa. A gefe guda kuma, ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi ba. To ta yaya ma'aikacin lafiya a asibitin karkara, wanda ba shi da ɗakin gwaji, zai bambance wanda ke buƙatar allurar makarin dafi da wanda ba ya buƙata?

Gwajin minti 20

Amsar da Warrell da abokan aikinsa suka yi amfani da ita a Najeriya, suka kuma bayyana a rahoton bincikensu na 1977, ita ce wannan. Ma'aikacin lafiya zai ɗebi jini kamar mililita 2 daga jijiyar majinyaci, ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya. Sai ya ajiye ta ba tare da girgizawa ba har tsawon minti 20. Idan lokaci ya cika, ya karkata kwalbar a hankali. Idan jinin ya zama guda, yana daskarewa. Idan ya kwaranya kamar ruwa, dafi ya shiga jini, a ba da makari nan take.

Akwai ƙa'idoji biyu da ke ɓata gwajin idan aka karya su. Na farko, dole kwalbar ta kasance ta gilashi, domin taɓuwar jini da gilashi ce ke tayar da daskarewar. A cikin roba, jinin lafiyayyen mutum ma yana iya ƙin daskarewa. Na biyu, kwalbar da aka wanke da sabulu ko omo na iya ba da sakamakon ƙarya.

Gwajin yana kuma nuna ko maganin ya isa. Bayan awa 6 da yin allurar, sai a sake shi, domin kusan lokacin da hanta ke buƙata ke nan ta mayar da sinadaran da suka ƙare. Idan har yanzu jinin bai daskare ba, sai a ƙara allura. Ka ga da kwalba ɗaya an gano ciwon, an kuma auna yawan maganin.

Yadda ake haɗa makarin dafi

Wannan fasaha ta samo asali ne daga aikin Albert Calmette, likita ɗan Faransa, a shekarun 1890. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Jikin dabbar zai samar da ƙwayoyin garkuwa masu kama dafin su hana shi aiki. Sai a ɗebi jininta, a ware ruwan jinin, a tace ƙwayoyin garkuwar, a zuba a kwalabe. Vital Brazil na ƙasar Birazil ne ya nuna cewa makarin da aka haɗa da dafin wani irin maciji ba lallai ya yi aiki a kan wani iri ba.

Wannan batu ya zama ginshiƙin aikin Warrell. A 1974 ya wallafa sakamakon gwajin da ya kwatanta makari biyu a kan waɗanda kububuwa ta sara a Najeriya, ɗaya daga Afirka ta Kudu, ɗaya daga Jamus, inda na Afirka ta Kudu ya fi tasiri wajen dawo da daskarewar jini. Shekaru bayan haka abin da ya faru a Gana ya nuna girman matsalar: a wani asibitin karkara, da aka sauya makarin da aka saba da wani da aka haɗa a Indiya, yawan masu mutuwa ya tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa 12.1, kamar yadda rahoton 2008 ya nuna. Sunan macijin a jikin kwalba ya yi kama, amma dafin ya bambanta.

Domin magance haka aka ɗauki dafin macizan Najeriya aka haɗa makari biyu da shi: EchiTAb G, daga tumaki a Birtaniya, da EchiTAb-Plus-ICP, daga dawakai a Kosta Rika. An gwada su a kan majinyata 400 a Kaltungo ta jihar Gombe, aka wallafa sakamakon a 2010, kuma Warrell na cikin masu binciken tare da likitocin Najeriya, ciki har da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano. Ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen tantance nasarar maganin shi ne dai gwajin minti 20.

Har yanzu da sauran aiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutane 81,000 zuwa 138,000 a duk shekara. A 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Makari mai kyau yana nan, amma tsadarsa da ƙarancinsa a asibitocin karkara na ci gaba da cin rayuka.

Abin da ya kamata ka riƙe

Idan maciji ya sari wani a gabanka, kwantar masa da hankali, ka cire masa zobe ko munduwa kafin kumburi, ka hana gaɓar motsi, ka garzaya da shi asibiti. Kada a ɗaure gaɓar tamau, kada a yi tsaga, kada a tsotsi wurin, kuma baƙin dutsen da ake mannawa ba ya fitar da dafi. A guji aspirin da ibuprofen, domin suna ƙara zubar jini. Kada ka ɓata lokaci wajen farautar macijin. Idan yana kusa kuma babu haɗari, hoto da wayarka daga nesa zai taimaki likita. Ka lura da lokacin da abin ya faru ka faɗa wa ma'aikatan lafiya.

Idan kun isa asibiti, ba laifi ba ne ka tambaya ko an yi gwajin daskarewar jini, ka kuma tambaya ko makarin da za a yi amfani da shi an haɗa shi ne domin macizan yankinmu. Ga masu zuwa gona kuwa, takalmi mai rufe ƙafa har ƙwauri da tocila da dare suna rage haɗarin sosai.

Allah Ya kare mu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.