Mita Mai Kati da Ƙa'idar Bai-Ɗaya

Magidanci a Kubwa ko Nyanya yakan biya kuɗin wuta, a ba shi lambobi 20, ya danna su a jikin mitarsa, wuta ta samu. Bai damu da sanin kamfanin da ya ƙera mitar ba, haka kuma mai sayar masa da katin. Dalili kuwa shi ne, da mitar da na'urar da ke fitar da lambobin duk ƙa'ida guda suke bi.

Wannan shi ake kira jituwar na'urori, watau kayan da kamfanoni dabam-dabam suka ƙera su iya aiki tare ba tare da an yi musu kwaskwarima ba. Misalinsa batirin tocila: ko wane iri mutum ya saya a kanti, in dai girman ɗaya ne, zai shiga. Buɗaɗɗiyar ƙa'ida kuwa ita ce wadda aka rubuta aka bayyana, ba mallakar kamfani guda ba, kowane maƙeri yana iya samunta ya bi.

Da can ba haka abin yake ba. Lokacin da aka fara baza irin waɗannan mitoci a Afirka ta Kudu, kowane kamfani da nasa tsarin, katin wannan ba ya shiga mitar wancan. Hukumar da ta sayi mitocin kamfani ɗaya ta zama ba ta da mafita, ko ya tsawwala farashi sai ta koma gare shi. Don magance haka ne hukumar lantarki ta ƙasar, Eskom, ta fito da ƙa'idar STS a 1993, daga baya a 2007 ta zama ƙa'idar duniya mai lamba IEC 62055-41. Ita ce mitocin kati na Nijeriya suke bi, har da na kamfanin AEDC mai raba wuta a Birnin Tarayya da jihohin Neja, Kogi da Nasarawa.

Sai dai a lura, jituwa ba ta nufin katin wani zai yi aiki a mitar maƙwabcinsa. Kowace mita da mabuɗinta na asiri, lambobin da aka fitar dominta ita kaɗai za ta karɓa, kuma sau ɗaya tak.

Ƙa'idar tana da tata matsalar. A cikin lambobin nan 20 akwai ƙidayar mintoci da ta faro daga 1 ga Janairu, 1993, wadda da ita mita ke gane katin da aka riga aka yi amfani da shi. Gurbin ƙidayar bai wuce minti 16,777,216 ba, kusan shekara 32 ke nan, ya kuwa cika ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Shi ya sa kafin ranar hukumar NERC ta yi ta jan hankalin jama'a su karɓi lambobin sauya mabuɗi, jeri biyu, kyauta, waɗanda suka mai da mafarin ƙidayar zuwa 2014. Da yake ƙa'idar ɗaya ce, magani guda ya wadatar da mitocin kamfanoni masu yawa, in ban da waɗansu tsofaffi da sai an canza su. Wanda kuwa ya ajiye tsohon kati bai loda ba har ya sauya mabuɗi, mitar ba ta ƙara karɓarsa.