Kafin Ka Sauya wa Motarka Sarbo da Rimot

Ɗana, na ji kana tara kuɗi za ka saya wa motarka ta wasa sabon rimot da sabon sarbo. Madalla. Yaron da ke son buɗe abu ya ga cikinsa ba a hana shi. Zauna dai mu yi magana kafin kuɗin su bar hannunka.

Fara cire murfin motar. Dubi wayoyin da ke fitowa daga sarbon, ɗan injin nan da ke juya ƙafafun gaba. In uku ne, ka yi sa'a. Baƙa ko ruwan ƙasa a gefe, ja a tsakiya mai kawo wuta, sai fara ko ruwan lemo mai kawo saƙo. In kuwa biyar ka gani, motarka irin waɗanda aka haɗe wa komai a allo guda ce. Irinta ba a sauya mata abu ɗaya. Sai ka sayi rimot da risibarsa mai karɓar saƙo, da ESC mai sarrafa gudu, da sarbo, duka tare. Gara ka sani yanzu, da kaya su iso bayan makonni ka rasa inda za ka soka su.

Ta fannin rimot kam, an hutar da ku. A da motocin nan yawanci a kan 27 MHz suke aiki, kowace da ɗan kiristal ɗinta. In mutum biyu suka zo fili da iri ɗaya, sai rimot ɗin wannan ya riƙa jan motar wancan. A 2004 Spektrum ya fito da tsarin 2.4 GHz, su Futaba da Sanwa na Japan suka biyo baya, rigimar ta mutu. Sai dai kowane kamfani da nasa tsarin. Rimot ɗin Flysky ba ya aiki da risibar Futaba, don haka ka saye su tare. Eriyar risiba kuma kada ka yanke ta don ta yi maka tsawo. Ɗan siririn bakinta, kusan santimita 3, shi ke kamo saƙon.

To, ga inda na fi so ka saurara. Tsohon sarbo irin Futaba S3003 ƙarfinsa kilo 4 ne da ɗan ɗoriya a volt 6. Yau za ka ga na kilo 20, 25, har 35. Ido zai ja ka zuwa babba, kuma ban ga laifinka ba. Amma ka tambayi kanka, wa zai ciyar da shi? Cikin ESC akwai wani ɗan sashe da ake kira BEC. Shi ke rage wutar batir zuwa volt 5 ko 6, ya ba risiba da sarbo. A motoci da yawa abin da yake iya bayarwa bai wuce amp 2 ko 3 ba. Ka ɗora masa babban sarbo, kamar ka sayi ingarma ne ka ba shi harawar akuya.

Kana cikin gudu, ƙafar gaba ta cije a rairayi, sarbon ya zuƙi wuta, wutar ta gaza, risiba ta ɗauke na ɗan lokaci. Motar ta daina jin magana. Za ka zargi sabon rimot, alhali ba ruwansa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Maganin ba tsada. Sayi BEC na daban mai ƙarfi, ka zare jar wayar da ke zuwa risiba daga ESC, ka naɗe ta, don kada wuta biyu su yi karo. Kuma batirin LiPo mai volt 7.4 kada ya shiga sarbo kai tsaye, sai in an rubuta HV a jikinsa.

Ƙirga haƙoran kan sarbon ma. Futaba da Savöx 25 ne, Hitec 24, Sanwa 23. Hannun sarbon da bai dace ba zai shiga in ka matsa, amma kwana kaɗan haƙoran za su cinye. In ka ɗauki mai giyar ƙarfe, bar ɗan sifirin nan mai shanye duka a wurinsa. In babu shi, giya ba za ta karye ba, to dukan sai ya sauka a kan sandunan sitiyari.

Ranar haɗawa, sannu ba ta hana zuwa. Kunna komai, sarbon ya tsaya a tsakiya, sannan ka ɗaura hannun. Juya sitiyari har ƙarshe, ka kasa kunne. In ka ji yana gurnani, yana tura abin da ba ya turuwa ke nan, kuma haka zai yi ta zafi har ya ƙone. Rage EPA, wato iyakar juyawar sarbo, a rimot kaɗan-kaɗan har ya yi shiru, dama da hagu.

Saura abu ɗaya, kuma saboda ƙannenka nake faɗa, don na san za su taru kallo. Ɗora motar a kan bulo, ƙafafunta a sama. Ba ta wuta kaɗan, sai ka kashe rimot. Dole ƙafafun su tsaya cak. In suka ci gaba da juyawa, koma takardar rimot ɗin ka saita yadda za ta tsaya in saƙo ya yanke. Motar nan tana da nauyi, in ta kuɓuce ƙaurin ƙaramin yaro za ta samu. Kullum rimot za ka fara kunnawa kafin mota, in an gama kuma motar za ka fara kashewa.